Daga Riyad Zuwa Ƙauyen Bature Sulaiman

Mun tashi daga gidanmu na unguwar Naseem ana idar da sallar asuba, ni da uwargida, da akwati biyu, da rigunan sanyi na aro rataye a hannu. Ƙarshen watan Agusta ne, lokacin da iskar Riyad ko da asuba kamar an buɗe murfin tanderu take. Wanda ya kai mu filin jirgi wani aminina ne mutumin Maradi, direba, mazaunin unguwar Manfuha. Tun da muka shiga mota yake satar kallon rigunan nan ta madubi. Da muka hau babban titi sai ya ce shi dai ya ga masu sayar da gona su zo Saudiyya ziyarar ƙaburbura, amma bai taɓa ganin wanda ya bar Saudiyya ya tafi ƙasar Turawa neman kabari ba sai ni. A bakin filin jirgi ya ci ribar zolayarsa, domin a nan ne uwargida ta tuna an gargaɗe mu ba a shiga ƙasar da nama. Dole muka bar masa ƙullin kilishin da muka yi guzuri.

Da yawa cikinku kun tambaye ni abin da ya kai ni Ireland, tunda ba kwas aka tura ni ba, ba ku kuma san ni da kowa a can ba. To ga dalili.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, a Bukuru aka haife ta, kuma ruwa biyu ce. Mahaifinta Bature ne da ya yi aikin haƙar kuza. Ya zauna da kakata 'yan shekaru, ya tafi hutu ƙasarsu ana gab da fara yaƙin duniya na biyu, Inna tana koyon tafiya. Bai dawo ba. Mutanen gari Bature Sulaiman suke kiransa, sunansa aka sa mini, shi ya sa Inna ba ta kirana sai da Babana. Ta girma ana ce mata 'yar Bature, wani lokaci da wasa, wani lokaci a haɗa da kalmar da ba zan rubuta a nan ba. Kakata har ta rasu tana cewa an ɗaura musu aure da sadaki da goro a gaban limamin barikin leburori. Waɗanda suka shaida duk sun riga ta tafiya.

Bara na kawo Inna Riyad da bizar ziyara aka yi mata aikin ido. Kwana kaɗan da cire bandeji ta kira ni ɗaki, ta kwance wani ƙyalle, ta fito da ambulan da ya koma launin ƙasa. Shekara hamsin ina ɗanta ban taɓa ganinsa ba. Ta ce wasiƙa ɗaya tak mahaifinta ya aiko bayan tafiyarsa, wani akawu ya karanta wa kakata, daga baya gara ta cinye takardar ciki, ambulan ya rage. Ta ce in duba mata garin da ya fito.

Ni a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti nake aiki, kuma shugabar nas-nas ta sashen da nake kai wa sakamako 'yar Ireland ce, kowa Sista yake ce mata. Na nuna mata ambulan don kan sarkin da ke jiki na ƙasarsu ne. Ta juya bayansa ta karanta sunan mai aikowa: C. Sullivan. Nan take na gane inda Sulaiman ya samo asali. Hatimin gidan waya ya goge rabi, amma ta iya tsinto sunan wani ƙaramin gari a yammacin lardin Cork. Ta ce kada in yi murna tukuna, don a wannan yanki neman Sullivan kamar mutum ya sauka tashar mota a Kano ne ya ce yana neman gidan Alhaji Sani.

Ita ta nuna mini cewa an ɗauki hoton tsofaffin littattafan coci-cocinsu an sa a intanet, waɗanda ake rubuta sunan kowane jariri ranar da aka yi masa baftisma. Na yi Juma'a da yawa ina bin shafukan bayan an sauko daga masallaci, har na gane cewa waɗanda aka sa ɗin sun tsaya kafin a haifi mutumin da nake nema. Na bayansu suna can a ajiye a coci-cocin ƙauyuka. Sai an je. Biza ta ci wata biyu, asibiti a matsayinsa na kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, ya ba da takardar fita da dawowa, Sista ta rubuta mana takardar gayyata, muka daidaita tafiyar da lokacin hutunta.

A daren ƙarshe kafin mu tashi na tambayi Inna ko akwai wani abu da ta ji game da shi wanda zai taimaka. Ta ce kakata takan tsokane shi da Hassan, don ya ce shi ɗan tagwaye ne, abokiyar haihuwarsa mace. Sai ta ƙara da cewa, “In ka sami kabarinsa ka duba mini yadda yake. Ka kuma tambaya ko ya taɓa faɗa musu yana da 'ya.”

Mun yada zango a Istanbul, muka sauka Dublin da la'asar ana yayyafi. Jami'in shige da fice ya tambaye ni abin da ya kawo ni, na ce neman ƙauyen kakana. Ya kalle ni, ya kalli fasfo, ya sake kallona. Ya ce masu wannan magana kullum yana ganinsu daga Amurka, daga Najeriya kuwa ni ne na farko a tebur ɗinsa. Ya buga hatimi ya yi mana fatan sa'a.

Tun a filin jirgi aljihu ya fara shaida ya bar gida. Robar ruwa da muke saye riyal ɗaya a ƙaramin kantin unguwarmu, a nan yuro biyu. Ɗakin da muka kwana a Dublin, in an buɗe akwati sai mutum ɗaya ya hau gado kafin ɗayan ya wuce, amma kuɗin kwana ɗaya ya isa cefanen mako a Naseem. Uwargida ta ce in daina lissafi da riyal in ba haka ba yunwa za ta kashe mu. Na bi shawararta.

Washegari muka hau bas zuwa birnin Cork, tafiyar awa uku da ɗan kai. Bayan shekara goma sha huɗu ina kallon yashi da siminti, korayen gonakin nan har ido suka gajiyar mini. Shanu ƙosassu kwance a ciyawa ba makiyayi. Ko'ina an kewaye da shinge ko katangar duwatsu. A tashar Cork wata mata cikin wando da rigar ruwa ta yi ta ɗaga mana hannu, sai da ta matso na gane Sista ce, don ban taɓa ganinta a waje ba abaya ba. Ta aro motar ƙaninta. A Riyad mata ba sa tuƙi, don haka ban san abin da ke jiranmu ba. Tuƙinta irin na direbobin Jos zuwa Bauchi ne, ga shi kuma a hannun hagu ake bi. Duk motar da ta tunkaro sai in taka birkin da ba ni da shi.

Kafin mu bar birnin muka sayi kaza a wani shagon halal na 'yan Pakistan, don Sista ta ce daga nan gaba sai kifi. Gaskiya ta faɗa. Kwana biyar kifi da dankali da burodi mai ruwan ƙasa da man shanu muka ci. Mu mutanen Filato da muke kiran dankalin Turawa Airish, yau ga mu a gidan ubansa. Ana kawo shi dafaffe, soyayye da kirɓaɓɓe a faranti ɗaya, kuma ba gishiri ba yaji. Allah ya yi wa uwargida albarka da ta sako kwalbar yajin tafarnuwa. Matar da muka sauka a gidanta ta ɗanɗana a bakin cokali, ta sha ruwa kofi biyu, ta ce mu mutane ne masu haƙuri.

Yadda ake nausawa yamma haka hanya take tsukewa, har ta koma in motoci biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja da baya ta raɓe. Kowane direba sai ya ɗaga wa ɗan'uwansa yatsa ɗaya daga kan sitiyari, gaisuwar ke nan. Tumaki suna yawo a tsakiyar titi da shuɗin fenti ko ja a gadon baya, shaidar mai su. Abin da ya fi tsaya mini shi ne duwatsun wurin. Ban da teku da ke gefe, da sai in rantse hanyar Riyom muke a tsakiyar damina: dutse kan dutse, hazo, sanyi mai ratsa riga. A kan wani tudu muka ga kangon ginin injin haƙar tagulla da tarin tsakuwar da aka fitar daga rami. Sista ta ce da ma'adinan suka ƙare, samarin yankin suka watsu duniya, duk inda ake haƙa ƙasa za ka same su. Nan na fara fahimtar yadda ɗan wannan lungu ya tsinci kansa a Bukuru.

Garin da ke jikin hatimin titi ɗaya ne, gidaje masu fenti kala-kala, kanti biyu, mashaya huɗu, coci ɗaya. Muka buga ƙofar gidan fada, wato limamin cocin. Wanda ya buɗe baƙi ne kamarmu. Ya dubi hulata, ya dubi mayafin uwargida, ya ce, “Sannunku da zuwa. Daga ina?” Mutumin kudancin Kaduna ne, shekararsa uku a can. Ya ce Turawan ƙasar nan ne suka kai wa kakanninsa addini, yanzu samarinsu sun daina shiga aikin, shi ya sa ake aro daga gida. Sai da muka yi rabin awa muna hirar Kafanchan da tsadar doya, Sista tana zaune tana shan shayi ba ta jin ko kalma.

Ya fito da littattafan daga akwatin ƙarfe. Dogaye ne, masu bangon fata, tawadar ta koma ja. Shi ya koya mini yadda ake karanta su. Da Latin aka rubuta, don haka sunan da ake kiran mutum da shi a gida daban yake da na littafi. Kowane layi akwai rana, sunan jariri, uba, uwa da sunan gidansu kafin aure, sunan unguwar gonar da suke zaune, da mutum biyu da suka tsaya wa jaririn. Ya ce harafin C ɗin nan mai yiwuwa Cornelius ne, wanda suke gajartawa Con. Ya rubuta mini kalmar da ke nufin tagwaye a wata 'yar takarda.

Mun yini a kan littafi biyu. Na daina ƙirga Cornelius Sullivan da na kai goma sha biyu. Wani fadan rubutunsa kamar kaza ta yi tono, wani kuma shafinsa ruwa ya taɓa. Tagwaye mun samu har sau uku, amma babu Cornelius a ciki. Da yamma na fito wuyana ya ƙage, raina ba daɗi. Na yi tunanin kuɗin jirgi da hutun shekara da na ƙona, na kuma yi tunanin abin da zan ce wa Inna. Fada ya ce hatimin gidan waya yana nuna inda aka jefa wasiƙa ne kawai, mutanen ƙauyukan bayan dutse duk nan suke zuwa ranar kasuwa. Ya buga waya coci biyu. Ɗaya suka ce littafinsu na waɗannan shekarun ya lalace tun da daɗewa. Ɗaya suka ce mu zo jibi da safe, ranar da mai kula da ofis take zuwa.

Ranar da ke tsakani ruwa ya yini yana zuba. Muka zauna a masauki muna kallon taga. Na nemi alƙibla da waya, ta nuna mini kusurwar da injin ɗumama ɗaki yake, nan muka shimfiɗa tawul muka yi ta sallolinmu. Magariba ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi.

Coci na biyu yana can ƙarshen hanya, inda ƙasa ta ƙare teku ya fara. Mai kula da ofis dattijuwa ce mai gilashi rataye da sarƙa, ba ta da yawan fara'a. Ta ce ba a taɓa littafi, ita za ta buɗa, mu duba daga gefe. Ta sa rula tana saukar da ita layi-layi. Mun yi kusan awa biyu a haka. Uwargida ce, da na ba ta 'yar takardar nan ta riƙe, ta ce a koma sama kaɗan. Dattijuwar ta mayar da rula. Layi biyu ne aka haɗe da wata alama mai siffar baka a gefe, da kalmar tagwaye, rana ɗaya, uba ɗaya, uwa ɗaya. Cornelius da Honora.

Dattijuwar ta gyara gilashi ta nuna mana gefen shafin. Ta ce a ƙa'idarsu duk wanda ya yi aure a coci, ko a wace ƙasa ce, akan aiko a rubuta a gefen layin baftismarsa. A gefen Honora akwai rubutu da wata tawada daban: sunan miji da ranar aure. Gefen Cornelius babu komai. Ta ce wannan bai yi aure a coci ba har ya mutu. Ta karanta sunan unguwar gonar, ta ɗan yi tunani, ta ce 'yar Honora tana nan da rai a gidan iyayenta, ta haura tamanin. Ta cika mana takardar shaida da hannunta ta buga hatimi. Da na ciro kuɗi ta ture hannuna, ta ce in saka a akwatin gyaran rufi in na ga dama. Sannan ta ɗaga waya ta kira tsohuwar ta ce mata baƙi suna tafe daga nesa, maganar Con Afirka ce. A bakinta na fara jin wannan suna. Da yake Sullivan sun yi yawa, kowa da laƙabin da ake bambanta shi da shi.

Gidan farin gini ne mai ɗaki uku a gindin tudu, da kare mai baƙi da fari a ƙofa. Tsohuwar ta fito da sanda, doguwa, siririya. Ba ta tambaye mu komai ba sai da ta zaunar da mu a kicin ta dafa shayi ta yanka burodi. Tana zuba shayin uwargida ta taɓa ni da gwiwar hannu ta nuna mini da ido. Ƙaramin yatsan tsohuwar a lanƙwashe yake ya karkata ciki, hannu biyun duka. Haka na Inna yake, haka nawa, haka na babbar 'yata. Na ɗora hannuna a kan tebur kusa da nata. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta ajiye butar ta zauna.

Turancinta da sauri yake fita kuma a dunƙule, sai da Sista ta riƙa maimaita mini wasu wuraren. Ta ce kawunta ya dawo daga Afirka a rame yana tari, likita ya hana shi komawa sai ya warke. Kafin ya warke yaƙi ya rufe hanyar teku, bayan yaƙi kuma kamfanin bai sake nemansa ba. A gidan nan ya zauna wajen 'yar'uwarsa, yana taya mijinta noma da kiwo, ya rasu ita tana da shekara goma sha biyu ko sha uku. Ta ce mutum ne marar magana, yana da wani gwangwani na jan gari da yake barbaɗawa a abinci, da ya ƙare ya yi ta neman irinsa bai samu ba. Yakan ce wa kare “zo nan”, har yaran gidan suka ɗauka. Ta faɗi kalmar daidai, kamar 'yar Bukuru.

Ta ce sau biyu aka so a haɗa shi aure da wata bazawara mai gona, ya ce yana da mata. Fadan lokacin ya zo har gida ya ce masa wancan ba aure ba ne. Mahaifiyarta ta ba ta labari cewa ya amsa da cewa ya biya abin da aka ce ya biya a gaban shaidu, in wannan bai isa aure ba shi bai san aure ba, ya ɗauki hularsa ya fita. Ba a sake tayar da maganar ba.

Na yi tambayar da aka aiko ni da ita.

“Ya taɓa cewa yana da ɗa a can?”

“Yaro ɗaya,” in ji ta. “Kullum yana maganar yaronsa. Mahaifiyata har ta rasu tana cewa ko me ya zama.”

Na ce mace ce. Ta girgiza kai ta ce a'a, da kunnenta ta ji, ta maimaita abin da yake faɗa. Sai na ji sunan Inna. Ladi. A Turancinsu akwai kalmar da suke kiran yaro namiji da ita mai kama da wannan, su duk sun ɗauka ita yake faɗa. Na bayyana mata cewa suna ne da muke sa wa 'yar da aka haifa ranar Lahadi, kuma mahaifiyata ce.

“Tana da rai?”

“Tana gidana yanzu haka. Ita ta aiko ni.”

Ta tambayi shekarunta, na faɗa. Ta ce, “Ashe da tare za mu riƙa tafiya makaranta.” Ta tashi ta juya mana baya tana wanke kofin da ba a gama sha ba.

Na tambaye ta batun addininsa, don na san za a tambaye ni. Ta ce coci sai ranar Kirsimeti da jana'iza yake zuwa, don kada 'yar'uwarsa ta ji kunyar mutane. Ta ce ba ta taɓa ganinsa yana irin sallarmu ba, kuma ba za ta faɗa mini abin da ba ta gani ba. Wasiƙu kuwa ta ce ya rubuta da yawa, tana ganinsa yana kai su gari ranar kasuwa, amsa ce ba ta taɓa gani ba.

Ita ta raka mu maƙabarta, a cikin motar Sista, da karen. Tsohuwar maƙabarta ce kewaye da kangon coci marar rufi, ciyawa har gwiwa, teku a ƙasa. Dutse ɗaya ne na gidan mijin Honora, sunaye biyar a jiki, nasa ne na ƙarshe a ƙasa, gansakuka ta rufe rabi. Uwargida ta kankare da makullin masauki har ya fito. Na tsaya ban san abin da zan karanta ba. Daga ƙarshe na yi magana da Hausa, tunda ya ji ta a rayuwarsa. Na ce Ladi ta rayu, ta yi aure, ta haifi bakwai, biyar suna raye, ta yi aikin Hajji, matarsa kuma ba ta taɓa zaginsa a gabanmu ba. Na ɗauki hotuna ta kowane gefe, da na tekun da kabarin yake kallo.

Da za mu rabu tsohuwar ta ba ni wani mayafin ulu da ta saƙa ta ce in kai wa 'yar kawunta. Na ce mata ƙasar da take ciki yanzu ko zanen gado nauyi yake wa mutum. Ta ce ai Inna za ta koma gida wata rana, ta ji an ce can akwai sanyi.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Mun kwana ɗaya a Cork, uwargida ta sayi man shanu da cakulan na tsaraba, muka bi ta Dublin da Istanbul muka sauka Riyad da hantsi. Ana buɗe ƙofar filin jirgi zafi ya rungume mu, na ji daɗinsa kamar ba ni ne mai ƙorafi a kansa kullum ba. Muka ɗauki tasi zuwa Naseem.

Ban gaya wa Inna komai a waya ba, da gangan. Sai da muka ci abinci, aka yi la'asar, na shiga ɗakinta na zauna a bakin darduma. Na ba ta labari tun daga littafi har maƙabarta, ban rage ba ban ƙara ba. Na nuna mata hotuna, ta riƙe wayar kusa da sabon idonta. Da na zo wurin maganar aure ta ce in maimaita abin da ya ce wa fada. Na maimaita. Da na zo wurin sunanta sai carbinta ya tsaya.

Can ta ce, “Da Musulunci ya cika?”

Na ce, “Inna, ban sani ba. A maƙabartarsu yake. Wadda ta zauna da shi ma ba ta sani ba.”

“To. Wanda ya halicce shi ya sani.”

Ta sa aka kira jikokinta, waɗanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, ta sa na sake faɗin maganar auren a gabansu, ta ce su ji da kyau. Sannan ta karɓi takardar shaidar da aka ba ni a coci, ta shafa hatimin da yatsa, ta tambaye ni abin da aka rubuta. Na karanta mata sunansa, da na ubansa, da na uwarsa, da na unguwarsu.

Ta ce, “Shi ga shi an rubuta shi har da uwarsa. Uwata fa, Babana? Ita da ta zauna ta sha wahalata, wa ya rubuta ta?”

Babu wanda ya rubuta ta. Kakata ba ta da takardar haihuwa, ba ta da ta aure, kabarinta ma yanzu ba wanda zai iya nuna shi daidai.

Wannan shi ne babban abin da na dawo da shi daga tafiyar. Mutanen can ba su fi mu son dangi ba, ba su fi mu riƙe zumunci ba. Wani ne kawai ya zauna da alƙalami a ranar da abin ya faru, wani kuma ya adana littafin daga ruwa da wuta. Mu namu littattafan tsofaffinmu ne, kuma kullum ana binne su. Na kuma koyi cewa in za ka irin wannan nema ka fara da tsohuwar gidanku kafin ka sayi tikiti, domin maganar tagwaye da Inna ta faɗa a minti ɗaya ta fi wata uku da na yi a intanet amfani. Mu da muke zaune a nan, daga Manfuha har Gubaira, muna haihuwar 'ya'yan da ba su san sunan ƙauyen kakansu ba, ya kamata mu fi kowa jin wannan.

Washegari da na taso aiki na tsaya a kantin littattafai na sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi. Yanzu kullum bayan la'asar Inna tana faɗa, babbar 'yata tana rubutawa, ni ina gyara mata Hausa. Wani lokaci Inna takan tsaya ta ce daga nan ba ta sani ba, sai mu bar layin a buɗe. Mun cika shafi goma sha ɗaya. A na farko, layi na farko, sunan kakata ne, da na uwarta, da na garin da aka haife ta.